Zama Ba Aure da Rabon Gado a Ƙasar Zamfara: Matsayin Wanda Ba Magaji Ba

Gabatarwa

Ranar rabon gado tana cikin ranakun da Bahaushe yake kira na wanka, waɗanda ba a ɓoyon cibi a cikinsu. A ranar ne ake kiran kowa da sunan da shari'a ta san shi da shi. Matar da ta shekara goma sha biyar tana tuƙa wa mamaci tuwo, ta yi jinyarsa har ya cika a hannunta, idan ba a shafa Fatihar aurenta da shi ba, to za ta zauna a bayan taro tana kallo a raba har tabarmar da take kwana a kai. Haka yaron da ya buɗe ido yana kiran mamacin baba, da ɗan riƙo, da agola, da aminin da suka haɗa jari tun suna samari.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana matsayin irin waɗannan mutane a dokar iyali da ta gado kamar yadda take aiki a Gusau da Tsafe da Bungudu, musamman waɗanda suke zaman tare ba da aure ba, sa'an nan ta nuna ƙofofin da shari'a ta bari a buɗe ga mai son ya tanadar wa wanda ba magajinsa ba wani abu. Batu ne da ake jin nauyin ɗauko shi a bainar jama'a. To amma jin nauyin bai hana shi zuwa gaban alƙali ba, kuma galibi waɗanda abin yake faɗa wa a ka mata ne da ƙananan yara.

Sunayen zama

Harshen Hausa bai yi rowar kalmomi a wannan fage ba, kuma kowace kalma tana ɗauke da hukuncinta. Zaman dadiro shi ne namiji da mace su tare wuri ɗaya kamar miji da mata ba tare da an ɗaura aure ba. Ya bambanta da farka, wadda ake zuwa wurinta a koma gida, ya kuma bambanta da kwartanci, wanda ya shafi mai aure. Zama ne da aka fi danganta shi da bariki, watau garuruwan da suka cika da baƙi a zamanin Turawa. Gusau tana cikinsu. Tun da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, cinikin gyaɗa da auduga ya jawo leburori da direbobi da 'yan koli da ma'aikata, waɗanda suka bar iyalinsu a garuruwansu suka zauna a unguwanni irin su Sabon Gari da Tudun Wada. Inda duk aka sami irin wannan taro, akan sami mata masu zaman kansu, akan kuma sami zaman da ya daɗe har maƙwabta suka manta ba aure ba ne.

Akwai kuma wani tsohon zama da ya kamata a tuna da shi, domin yana nuna cewa mace ta zauna da namiji ba ta gaje shi ba abu ne da ƙasar Hausa ta daɗe da sani. Wannan shi ne zaman ƙwarƙwara ko sa-ɗaka. Shari'a ta halatta shi a zamanin bauta, ɗan da aka haifa a cikinsa ɗa ne cikakke mai gado, har da gadon sarauta, ita kuwa uwar tana samun 'yanci da mutuwar ubangijinta, amma ba ta da ko anini a dukiyarsa sai abin da ya ba ta da ransa. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yantar da duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Daga nan tushen wannan zama ya rushe, ko da yake kalmar ta ci gaba da yawo a bakin mutane.

Dole a raba waɗannan da wasu nau'o'in aure da ido yake ɗauka kamar ba aure ba ne. Auren ɗauki-sandanka, alal misali, inda mace take zaune a gidanta miji yana zuwa, aure ne sosai, kuma akwai gado a cikinsa. Tarewa ba ta cikin sharuɗɗan gado. Ko da miji ya rasu kafin a kai masa amarya, matar tana gadonsa, tana kuma yi masa takaba wata huɗu da kwana goma.

Wa shari'a ta sani?

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ranar 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, dokokin kuma suka fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Mutane da yawa suna zaton a lokacin ne hukuncin gado na Musulunci ya shigo kotu. Ba haka abin yake ba. Abin da ya sake a 2000 shi ne hukuncin laifuffuka da tsarin kotuna. Aure da saki da gado da wasiyya kuwa suna hannun alƙalai tun zamanin Daular Usmaniyya, Turawa ba su taɓa su ba, haka gyaran 1967 zuwa 1968 da ya mai da kotunan alƙalai kotunan yanki. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ikon sauraron ƙararrakin aure da riƙon yara da wakafi da kyauta da wasiyya da gado. Littattafan da ake hukunci da su kuwa su ne dai na Malikiyya da ake karantawa a zaure: Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, da sharhohinsu.

A waɗannan littattafai dalilan gado uku ne: nasaba, da ingantaccen aure, da wala'i na wanda ya 'yanta bawa. Na ukun ya tafi da tafiyar bauta. Zaman tare, kome tsawonsa, ba ya cikin lissafi. Haka ƙauna, haka wahalar jinya. Mace mai aure tana da rubu'i, watau kashi ɗaya cikin huɗu, idan mijin bai bar ɗa ba, ko tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, idan ya bari, kuma kishiyoyi tarayya suke yi a wannan kaso. Miji yana da rabi ko rubu'i. Abokiyar zaman dadiro ba ta da kome, shi ma ba shi da kome a nata.

Wannan hukunci yana yanka ta ko'ina. A ɗauki macen da ta bar garinsu shekara talatin, ta yi sana'ar abinci a bakin tasha har ta gina gida, ta rasu ta bar ɗiya ɗaya. Ɗiyar za ta ɗauki rabi. Sauran rabin na 'yan'uwanta ne na wajen uba, ko da su ne suka yi rantsuwa ba za su sake taka ƙofarta ba. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ban da ranar rabon gado.

Ashe ke nan tambayar da kome ya rataya a kanta ita ce: an yi aure ko ba a yi ba? Malikiyya tana neman waliyyi, da sadaki wanda bai gaza rubu'in dinari ba, da siga, da shaidu biyu adalai kafin tarewa. Takarda ba sharaɗi ba ce, shi ya sa yawancin aurarrakin karkara ba su da ita. Idan gardama ta tashi bayan mutuwa, kotu tana karɓar shaidar waɗanda suka halarci ɗaurin aure, tana kuma karɓar shaidar ji, watau mutane su shaida cewa sun daɗe suna ji a gari cewa wance matar wane ce. Nan ne auren ɓoye yake cutar mai shi. Mutumin da ya ajiye mata ta biyu a Gusau ya ɓoye wa iyalinsa na Bungudu, ya kuma roƙi shaidu su yi shiru, ya jefa ta cikin haɗari biyu: malaman Malikiyya suna ganin a raba auren da aka yi sharaɗin ɓoye shi matuƙar bai daɗe ba, sa'an nan ranar da ya faɗi ba mai ji balle ya shaida.

Wani yana iya cewa gyaran mai sauƙi ne, a ɗaura auren kawai. Haka ne, amma da sharaɗin lokaci, kuma wannan yana cikin wuraren da mazhabar Maliku ta fi sauran tsanani. Auren da aka ɗaura a ciwon ajali ɓatacce ne, ba a gado da shi, domin ana ɗaukar sa a matsayin shigo da sabon magaji don a rage wa na asali. Mutumin da ya yi shekaru yana cewa gobe, sai da ciwo ya kwantar da shi ya aika a kira liman, ya makara. Kishiyar wannan ita ce saki a ciwon ajali: matar tana gado ko da iddarta ta ƙare, kai ko da ta yi wani aure. Hikimar guda ce, watau kada majinyaci ya yi wasa da jerin magada. Akwai kuma sharaɗin istibra'i, domin ba a ɗaura aure kai tsaye daga zaman dadiro sai mace ta yi jini uku, ko ta haihu in tana da ciki.

Ɗan da aka haifa

A watan Satumba na 2000 wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata budurwa hukuncin bulala saboda cikin da aka same ta da shi ba aure. Ta ambaci maza uku, suka musanta, ba a sami shaidar da za ta kama su ba. An zartar mata da bulala ɗari a watan Janairu na 2001, labarin ya zaga duniya. Jaridun ciki da waje sun yi ta muhawara a kan bulalar. Kaɗan ne suka tsaya a kan jaririn, alhali hukuncinsa ya fi na uwar tsawon rai.

Ɗan da aka haifa ba ta hanyar aure ba, wanda masu sakaya magana suke kira ɗan gaba da Fatiha, ana danganta shi ga uwarsa. Yana gadonta, tana gadonsa, yana kuma gado tsakaninsa da 'yan'uwansa na wajen uwa. Ba ya gadon wanda ya yi cikinsa, ko da mutumin ya yarda a gaban jama'a cewa nasa ne, muddin dai ya faɗi cewa ta hanyar zina aka same shi. Ciyarwa ma ba ta zama tilas a kan mutumin ba. Idan mace ce, ba shi ne waliyyinta ba ranar aure.

Sai dai shari'a tana ƙoƙari matuƙa kada ta kai yaro ga wannan matsayi. Duk ɗan da aka haifa bayan wata shida da aure na mijin ne, ba ya iya kore shi sai ta hanyar li'ani, wadda rantsuwa ce mai nauyi da take raba auren har abada. A ɗaya gefen kuma Malikiyya ta yarda ciki yana iya daɗewa shekara huɗu ko biyar, abin da Hausawa suke kira kwantacce. Likitoci ba su yarda da wannan ba, amma amfaninsa a shari'a a fili yake: bazawarar da ta haihu cikin wannan wa'adi ana iya jingina ɗan ga tsohon mijinta. Yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta dogara da su ta sallami Amina Lawal a watan Satumba na 2003. Budurwar da ba ta taɓa aure ba ita ce ba ta da wannan mafaka.

A nan akwai wani karo da masana doka suka daɗe suna nuni da shi. Sashe na 42(2) na tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai. Da wannan sashe Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo mai hana ɗiya mace gadon ubanta, a shari'ar Ukeje ta 2014. Amma tsarin mulkin nan dai shi ne ya amince da dokar iyali ta Musulunci, ya kafa mata kotuna. Alƙalin da yake zaune a Tsafe ko Bungudu da Muhtasar yake raba gadon Musulmi, kuma magada ba su cika yarda a kai maganar wani wuri ba.

Zaman jinsi ɗaya

A wasu ƙasashe tambayar gado tsakanin marasa aure ta haɗe da ta masu zaman jinsi ɗaya. Faransa ta kafa yarjejeniyar zaman tare a 1999, Holan ta halatta auren jinsi a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, Amurka a dukkan jihohinta a 2015. Ko a can ma, zama ba aure bai kai aure ba. A Ingila wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, abokin zamansa ba ya cikin magada kai tsaye. Abin da doka ta ba shi tun 1996 shi ne damar roƙon kotu ta yanka masa abin rayuwa idan sun shekara biyu tare.

Nijeriya ta bi wata hanya dabam. Dokar haramta auren jinsi, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairu na 2014, ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla irin wannan aure ko yarjejeniyar zama, da shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Ta kuma ce takardar da aka samo daga wata ƙasa ba ta da wani amfani a nan. A Zamfara, dokar laifuffuka ta shari'a ta 2000 ta riga ta tanadi hukunci a kan luwaɗi da maɗigo. Saboda haka babu batun gado ta wannan fuska, kuma duk takardar da ta bayyana irin wannan dangantaka hujja ce a kan masu ita.

Duk da haka mai nazarin al'ada ba zai rufe ido ga gidajen da ba a gina su a kan aure ko jini ba. Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 a kan 'yan daudu, ya nuna yadda babba yake riƙon ƙanana, ya koya musu sana'ar abinci, su kira juna da sunayen dangi. Da yawansu kuma suna da mata da 'ya'ya a gida. Haka gidan magajiya yake, haka tsofaffin zawarawa biyu da suka haɗa tukunya, haka ƙawancen da Baba ta Karo ta ba da labarinsa a littafin Mary Smith na 1954. Ko mene ne ke tsakanin mutanen, hukuncin dukiyarsu ɗaya ne: ranar da ɗaya ya mutu, ɗayan bare ne, tukwane da jari na dangin mamaci ne, sai abin da ya iya kawo shaida cewa nasa ne.

Ƙofofin da suka rage

Kafin a raba gado ana fitar da kuɗin jana'iza, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga magaji sai da yardar sauran magada. Wannan sharaɗi na biyu, da yake kamar takurawa, shi ne ya buɗe ƙofa ga duk waɗanda aka ambata a baya, domin kasancewarsu ba magada ba ita ce ta sa wasiyya ta halatta gare su.

A ƙaddara wani mutum ya rasu ya bar naira 3,600,000 bayan an biya bashi. Yana da mata ɗaya, da uwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, sa'an nan da wani yaro da aka haifa masa a waje. Idan bai yi wasiyya ba, matar za ta sami 450,000, uwar 600,000, kowane ɗa namiji 1,020,000, ɗiyar 510,000, yaron waje kuwa ya tashi hannu rabbana. Idan ya yi wa yaron wasiyya da cikakken sulusi, yaron zai ɗauki 1,200,000, a raba 2,400,000 da suka rage: matar 300,000, uwar 400,000, kowane namiji 680,000, ɗiyar 340,000. Mai karatu zai lura cewa wanda ba magaji ba ya fi kowane magaji samu. Wannan ya isa ya nuna faɗin ƙofar, ya kuma nuna dalilin da ya sa magada suke yaƙar wasiyya da dukkan ƙarfinsu. Mai hankali ba ya cika sulusin sai da dalili.

Abin mamaki shi ne ƙarancin masu amfani da wannan dama. A bakin Bahaushe kalmar wasiyya ta fi karkata ga jawabin ban kwana: a riƙe zumunci, a biya wane bashinsa, a aurar da wance ga wane. Rubuta rabon dukiya da rai kuwa ana ganin sa kamar kiran mutuwa. Wanda ya daure ya rubuta ma yakan ɓoye takardar a ƙasan akwati. A Malikiyya irin wannan takarda ba ta aiki, ko da an gane rubutun hannunsa ne, idan bai kafa shaidu a kanta ba ko bai ce a zartar ba, domin yana yiwuwa ya rubuta ne yana shawara. Lafazin wasiyyar ma abin kula ne, saboda wasiyyar da aka yi domin saɓo ɓatacciya ce. Wanda ya ce a ba wance kaza saboda jinyar da ta yi masa, ko a ba yaro wane domin karatunsa, ya tsaya a kan tudu.

An taɓa samun wata ƙofa ta dokar Turawa. A shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971, Kotun Ƙoli ta yarda Musulmi ya yi wasiyya a ƙarƙashin dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 ba tare da iyakar sulusi ba. Hukuncin ya jawo suka mai yawa daga malamai, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka sa wa dokokinsu sharaɗin da ya mai da wasiyyar Musulmi ƙarƙashin shari'arsa, Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta soke wata wasiyya a kan haka a shari'ar Ajibaiye ta 2007. Mutumin Gusau da ya dogara da waccan tsohuwar hanya ya bar wa iyalinsa shari'a ne kawai.

Ƙofa ta biyu ita ce kyauta, kuma ta fi wasiyya faɗi, domin mai lafiya yana iya ba wanda ya so abin da ya so. Sai dai kyauta ba ta cika sai da hauzi, watau wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa kafin mai bayarwa ya mutu, ko ya kwanta ciwon ajali, ko bashi ya cinye shi. A nan ne yawancin masu zaman tare suke faɗuwa. Mutum ya ce wa abokiyar zamansa gidan nan naki ne, ya ci gaba da kwana a ciki har ya mutu. A shari'a bai ba ta kome ba. Kyautar gidan zama tana bukatar mai gida ya kwashe kayansa ya fita, shaidu su gani, kuma kada ya komo ciki kafin shekara ta zagayo. Gona sai wanda aka ba ya shiga ya noma, dabba sai ta koma turkensa. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, daga sulusi ake fitar da ita.

Kada a rikita wannan da ɗaya hauzin da aka fi ji a kotu, wanda yake hana mai abu ƙara idan ya ga bare yana mallakar abinsa shekara goma bai yi magana ba. Wanda ya zauna a gida da izinin mai shi, aro ko alfarma, ba ya cin wannan hauzi ko ya shekara arba'in.

Ga mai son ya tsare wa wani wurin kwana ba tare da ya fitar da gida daga hannun magadansa ba, akwai umra, watau a ba mutum amfanin gida muddin ransa, in ya mutu gidan ya koma ga mai shi ko magadansa. Akwai kuma wakafi a kan mutum ayyananne, wanda Malikiyya ta yarda a yi shi na ɗan lokaci. Dukkansu suna bukatar hauzi. A ganin mai nazari, umra ita ce ta fi dacewa da tsohuwar da ba abin da take tsoro kamar a ce ta kwashe kayanta bayan sadakar bakwai, kuma ita ce magada za su fi saurin haƙura da ita. Amma ba kasafai ake jin sunanta a wajen zauren malamai ba.

Saura bashi da tarayya. Wanda ya zuba kuɗinsa a ginin wani, ko suka haɗa jari, haƙƙinsa ba gado ba ne, dukiyarsa ce, kuma tana fita kafin wasiyya. Matsalar ita ce shaida. Kuɗin adashi da mace ta miƙa aka sayi bulo ba mai rubuta shi. Idan kuwa majinyaci ya yi iƙirari a kan gadon mutuwa cewa amininsa yana bin sa kaza, malamai suna tuhumar wannan iƙirari, ba su cika karɓar sa ba sai idan mamacin yana da ɗa a cikin magada, domin ba a zaton mutum zai cuci ɗansa saboda aboki. Har kayan ɗaki ma, ƙa'idar da take ba mace abin da aka san na mata ne idan ta rantse, an gina ta ne a kan miji da mata.

Wani kuskure da ya yawaita tsakanin ma'aikata ya cancanci a ambace shi. Gurbin da ake cikewa a takardun banki da na fansho, inda ake rubuta sunan makusanci, ba ya mai da kowa magaji. Wanda aka rubuta mutum ne da za a nema idan wani abu ya faru. Kuɗin da ke asusun na magada ne, kuma kotu tana iya sa shi ya dawo da abin da ya karɓa.

Dukkan waɗannan hanyoyi a kan shaidu suka tsaya, shaidu kuwa a da ba su da wuyar samu, domin liman da mai unguwa da maƙwabta suna nan inda aka bar su. Rashin tsaron da ya addabi Zamfara tun wajen 2011 ya taɓa wannan tushe. Ƙauyuka da dama a yankunan Tsafe da Bungudu sun watse, mutanensu sun bazu cikin Gusau da wasu garuruwa. Mace tana iya zuwa kotu da aurenta na gaskiya, amma waliyyin da ya ba da ita ya rasu, shaidun kuma ba a san inda suka nufa ba. Idan miji da ɗansa suka mutu a hari ɗaya ba a san wanda ya riga wani ba, babu gado tsakaninsu, kowa magadansa rayayyu ne za su gaje shi. Wanda aka ɗauke ba a sake jin ɗuriyarsa ba yana shiga babin ɓatacce, inda a asalin hukunci matarsa take jiran shekara huɗu daga ranar da ta kai ƙara kafin ta yi takaba, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da ba a zaton tsaransa suna raye, galibi saba'in. Ko da yake malamai sun sassauta wa'adin ga wanda ya ɓace a cikin faɗa tsakanin Musulmi, alƙali ne kuma yake duba wanne ya dace. A irin wannan hali, 'yar takardar shaidar aure da wasu masallatai da kotuna suke bayarwa, wadda a da ake ganin ta kayan 'yan boko, ita ce sau da yawa take raba matar aure da wadda za a ce zaman dadiro ta yi.